Turancin Bebe: Shekaruna Uku Ina Ba'amurke a Zhengzhou

A watan Satumba na 2015 na sauka a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan a ƙasar Sin, da akwati ɗaya, da robar yaji da Inna ta ɗaure mini bakinta da tsumma, da kuma tabbacin cewa Turanci zai fitar da ni kunya. Injiniya na karanta, amma kafin tafiyata na yi shekara biyu ina koyar da Turanci a wata sakandare a Zariya, don babu malami aka ce in riƙe ajin kafin a samu. Gwamnatin Sin ce ta ba ni tallafin yin digiri na biyu. Wani da ya riga ni zuwa ya ce in kwantar da hankalina, yaran can tun daga aji uku na firamare ake fara koya musu Turanci. Bai yi ƙarya ba, tun 2001 haka tsarin yake. Abin da ya manta bai gaya mini ba shi ne, Turancin a ido yake tsayawa, ba ya saukowa baki.

Shekarar farko Sinanci kawai aka koya mana. Da na shiga ɗakin bincike a shekara ta biyu, aka haɗa ni teburi ɗaya da wani ɗalibi da ya girme ni a karatu. Irinsa shixiong ake ce masa, wato yayanka a hannun malami ɗaya, kuma haka nake kiransa har yau. Idan zai tambaye ni ko na ci abinci, sai ya ɗauki waya ya rubuto mini ta manhajar saƙo ta WeChat, alhali kafaɗarmu na gogar juna. Na ɗauka girman kai ne, har na fara share shi. Sai wata rana na ba shi daftarin rahotona ya duba mini lissafi. Ya dawo mini da shi da jan biro a wuri goma sha ɗaya, kuma ba ko ɗaya a kan lissafi, duka nahawun Turanci ya gyara. Na koma ɗaki da fushi na bi su ɗaya bayan ɗaya. A wuri tara shi ke da gaskiya. Ni malamin Turanci!

Wannan mutumin yana karanta muƙalar kimiyya da Turanci kamar yana shan kunu. Ya san kalmomin da ni sai na buɗe ƙamus. Amma in na juyo na yi masa magana da baki, sai kunnuwansa su yi ja, ya kafa wa takalminsa ido. Da Sinancina ya ɗan nuna, shi da kansa ya gaya mini sunan cutar: yaba yingyu, Turancin bebe. Ya ƙirga mini da yatsu, shekara goma sha huɗu yana karatun harshen, kuma ni ne mutum na farko da ya zama dole ya buɗe baki ya yi wa magana da shi.

Ni kuwa a shekara ɗaya na iya cinikin kasuwa da Sinanci, ba don na fi shi kai ba. Akwai wata tsohuwa Musulma 'yar ƙabilar Hui mai shagon taliyar huimian, mai romon naman rago, inda nake cin abinci saboda halal. In na karkata sautin kalma sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta maimaita mini, ta ƙi zuba mini sai na faɗa daidai. Yunwa ta koya mini abin da aji bai koya mini ba.

Da asuba, in na idar da salla na fito shan iska, nakan iske ɗalibai a bakin tafkin makaranta, cikin sanyin da ke fasa leɓe, kowa da littafinsa na kalmomi, yana kai da komowa yana karantawa da ƙarfi. Kalma, ma'anarta da Sinanci, kalma, ma'anarta. Suna da wata barkwanci a tsakaninsu: kalmar farko a irin waɗannan littattafai ita ce abandon, wato ka watsar, ka haƙura, don haka ita ce kaɗai kowa ya haddace da kyau, saboda kullum daga kanta ake sake farawa. Ranar farko da na ji hayaniyar, makarantar allonmu ta faɗo mini a rai. Hadda ba abin raini ba ce a wurina, da ita aka raine ni. Sai dai mu in ka haddace, sai ka durƙusa gaban malam ka biya, ya ji da kunnensa, ya mayar da kai baya in ka ja inda ba a ja. A bakin tafkin nan babu mai sauraro. Yaro zai shekara yana faɗin kalma a karkace, ba wanda zai ce masa kul, don ranar jarrabawa ba a faɗinta za a sa shi ba, cike ɗan da'ira zai yi da fensir.

Jarrabawar da suke wa wannan wahala sunanta CET, mataki na 4 da mataki na 6. Tun 1987 ake yin ta, sau biyu a shekara, a Yuni da Disamba. Makinta 710, kuma lambar da ke hana kowa barci ita ce 425. Sauraro yana da kashi 35 cikin ɗari, karatu 35, sauran 30 rubutu da fassara suka raba. Magana ba ta ciki. Akwai gwajin baki daban, amma na ganin dama ne, kuma kaɗan ne a cikin waɗanda na sani suka taɓa zuwa. Ranar jarrabawa za ka ga dubban ɗalibai sun nufi azuzuwa kowa rataye da wata babbar na'urar kunne mai kama rediyo, don ta tashar makaranta ake watso sashen sauraro. Jami'o'i da yawa a lokacin sun ɗaure takardar digiri da cin mataki na 4, kamfanoni kuma suna tambaya kafin su ɗauki ma'aikaci. Saboda haka har dabarun cinta ake haddacewa kamar waƙa: in amsoshi uku dogaye ne ɗaya gajera, ɗauki gajerar, in uku gajeru ne, ɗauki doguwar.

Na so in yi musu dariya, amma laifi tudu ne. Ni ɗin nan na tsaya gaban allo a Zariya ina shirya yara su ci sashen furuci na WAEC, wanda shi ma a takarda ake yin sa. Na sha zana alamomin sauti da alli, yara suna kwafa shiru, ba wanda ya furta ko ɗaya.

Yadda na shiga harkar da kaina, kuɗi ne. Yuan 3,000 ake ba mu a wata. Ya ishe ni ci da sha, amma a gida an san ina ƙasar waje, kuma ƙanwata za a aurar. Wani ɗan Afirka da muke salla tare ya kai ni wata cibiyar koyar da Turanci a hawa na huɗu na wani katafaren kanti. Na san takardar zamana ta ɗalibi ba ta ba ni izinin irin wannan aiki ba. Na sani, na je. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka ni kaɗai ne mai tsarki a labarin nan.

Mai cibiyar ba ta tambaye ni ko na taɓa koyarwa ba. Ba ta nemi takarda ko ɗaya ba. Ta sa na yi tsalle na rera waƙar yara na minti biyar, ta kalle ni sama da ƙasa, sannan ta ce da Sinanci: “Daga yau kai ɗan Amurka ne. Daga Chicago. Iyaye ba sa biyan kuɗi don Najeriya.” Ta ce za ta ba ni yuan 150 a awa. Daga baya na gano abokin aikina, wani farin saurayi daga gabashin Turai wanda shi kuma aka mayar ɗan Kanada, yana karɓar 250. Yaron kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Kafin kowane darasi yakan zo ya raɗa mini in duba masa jimlolin da zai rubuta a allo, don da Turancin nasa sai a hankali. Hotonsa ne a babban allon talla a ƙofar kanti.

Azuzuwan bangon gilashi ne da su. Iyaye da kakanni suna zaune a waje suna kallo, wasu suna ɗaukar bidiyo. Aikina shi ne in sa yara 'yan shekara biyar su yi ihun sunayen launuka da dabbobi, in manna musu tauraro a goshi. In ihun ya yi ƙarfi, an ce darasi ya yi kyau. Na taɓa zaunar da su in ba su ɗan labari a hankali, in tambaye su su amsa. Aka kira ni ofis aka ce ajin ya yi sanyi, wata kaka ta ce ba ta ga abin da ta biya ba. Sau biyu aka fitar da mu ta ƙofar baya saboda an ce jami'ai suna zagaye, muka tsaya a matakala muna jiran a kira mu.

Duk wannan ban ɗauke shi da nauyi ba sai da aka ba ni yaron.

Shekararsa goma sha bakwai, yana ajin ƙarshe na sakandare, yana shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a farkon Yuni, wadda ƙasar gaba ɗaya ke riƙe numfashi saboda ita. Makinta 750, Turanci yana da 150, daidai da lissafi, daidai da harshensu na gado. Uwarsa ma'aikaciyar asibiti ce, ta nemi a ba shi malami shi kaɗai ranar Lahadi da yamma, lokacin da ya rage masa a mako ke nan. Siriri ne, da gilashi mai kauri, da kanta a yatsan da ke riƙe biro.

Ranar farko na ce ya rubuta mini wani abu a kan kansa. Ya tambaye ni: “Ni, ko Li Hua?” Ban gane ba. Ashe a lokacin, a sashen rubutu na gaokao, kusan kullum ana cewa ka ɗauka kai ne Li Hua, ka rubuta wa wani abokinka Bature wasiƙa ta kalma ɗari. Miliyoyin yara sun yi shekaru suna rubuta wasiƙu da sunan wannan Li Hua da babu shi, zuwa ga abokan da babu su. Yaron ya ciro wani littafi da ya cika da hannunsa: jimlar buɗewa iri ashirin, ta rufewa iri goma sha biyar, da jimlolin tsakiya da ake cusawa ko'ina, irin su cewa kowane kwabo fuska biyu gare shi, da cewa al'umma na ci gaba cikin sauri. Ya rubuta mini wasiƙa mai kyan tsari, babu kuskure ko ɗaya, kuma babu shi a cikinta ko kaɗan.

Na ce a raina, wannan zan gyara shi. Na rufe littafin. Makonni shida muna hira. Da farko minti ɗaya sai ya yi gumi. A hankali na ji yana son ƙwallon kwando, na ji kakarsa tana ƙauye tana noman alkama, na ji ajinsu sun haura sittin, kuma malamarsu ta Turanci da Sinanci take koyarwa daga farko har ƙarshe. Bai faɗa da raini ba. Ya ce tana zuwa tun kafin gari ya waye, ba ta tafiya sai dare, kuma da makin ɗalibanta ake auna ta. Ita ma ta hanyar da aka bi da ita take bi da su. A mako na shida ya yi mini barkwanci da Turanci, na farko, a kan yadda nake riƙe tsinken cin abinci. Na koma ɗaki ranar ina jin kaina wani ne.

Sai sakamakon gwajin wata ya fito. Daga 118 ya sauko 109.

Uwarsa ta zo da kanta, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce: “Laoshi,” wato malam, “na san kana nufinsa da alheri. Amma magana ba ta cikin jarrabawa.” Na ce ai sauraro yana ciki, kuma hira tana buɗe kunne. Ta girgiza kai. Ta ce a Henan ana yin sashen sauraro, amma ba a ƙirga shi cikin jimillar maki. Na ɗauka ban ji Sinancin daidai ba, na sa ta maimaita. Haka ne, a lokacin haka tsarin lardin yake. Ta ce yara fiye da 800,000 ne za su zauna a Henan kaɗai a shekarar, kuma manyan jami'o'in da ke lardin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ta faɗa mini kirarin da ake rubutawa a jan ƙyalle a rataya a azuzuwa: ƙara maki ɗaya, ka kayar da mutum dubu. “Maki tara ka ɗauke masa, laoshi. Ka lissafa.”

Na lissafa. Ba ni da abin cewa. Matar ba jahila ba ce, ta fi ni sanin inda ɗanta yake tsaye. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Daga ranar na buɗe littafin da na rufe. Na zama gwani a abin da na raina. Na koya masa yadda zai gano amsa a sashen karatu ba tare da ya karanta labarin duka ba. Na ƙara masa jimloli masu ƙyalli goma, na nuna masa inda zai dasa kalma mai wuya don mai maki ya gani da wuri, tunda an ce daƙiƙu kaɗan ake ba kowace takarda. Har rubutun hannunsa muka gyara, haruffa zagaye-zagaye masu tsayi ɗaya kamar na inji. Hira ta mutu. In ya shigo sai ya ce barka da yamma, in ce barka, mu duƙufa. A Yunin 2017 ya ci 134. Uwarsa ta kawo mini kwalin jan dabinon Xinzheng da ganyen shayi, tana ta sunkuyawa tana godiya. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda ake yi. Dabinon ya yi wata uku a kan teburina, shixiong ne ya cinye shi.

Na gama karatu na dawo gida a 2019. Muna ɗan gaisawa da yaron ta WeChat, a rubuce. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya sa ran tafiya Ingila, ya shiga jarrabawar IELTS, wadda ita kam dole ka zauna gaban mutum ka yi magana. Sashen karatu ya ci shi kamar wasa. Magana kuwa sau uku yana tsayawa a 5.5, kowane zama kuma sama da yuan 2,000. Ya turo mini abin da yake shiri da shi: tarin tambayoyin da waɗanda suka riga shi shiga suka tuno suka zuba a intanet, da amsoshin da wata cibiya ta rubuta masa ya haddace. Ya ce da ya fara zubo amsar sai mai gwajin ya katse shi ya jefo wata tambaya, shi kuma kansa ya ɗauke wuta. Ya tambaye ni ko ina da amsoshin da suka fi waɗannan kyau. Na daɗe ina kallon saƙon. Ni na koya masa cewa haka ake yi.

Ranar Talata 20 ga Yuli, 2021, Babbar Salla ce a wurinmu. Muna filin idi ruwa yana sauka a Zhengzhou irin wanda ba a taɓa gani ba, sama da milimita 200 cikin awa ɗaya. Da yamma ina fiɗar rago ƙanina ya miƙo mini waya, na ga mutane a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ruwa ya kai musu ƙirji. Na san tashoshin, na sha bin titunan. Ɗaruruwan mutane suka rasu. Na wanke hannu na rubuta wa shixiong, ya amsa da dare yana lafiya. Yaron shiru. Laraba shiru.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Bai taɓa kirana ba. Yana zaune a wata matakala, gashinsa a hargitse, ya fara magana tun kafin in gaishe shi, kuma da Turanci, ban san dalili ba har yau. Ya ce yana hanyar dawowa ruwa ya tare shi, suka riƙe hannun juna da mutanen da bai sani ba suka tsallaka titi, akwai wata tsohuwa da ya goya, takalminsa ɗaya ya tafi, uwarsa ta kwana biyu a asibiti babu wuta, shi ya hau bene hawa goma sha bakwai da bokitin ruwa. Nahawun duk a karye. Jiya ta zama yau, mace ta zama namiji, inda kalma ta ƙi zuwa sai ya nuna da hannu ko ya cusa ta Sinanci ya wuce. Da malamarsa ta ji, da ta ba shi sifili. Ya yi minti goma sha biyu bai tsaya ba, na gani a fuskar wayar, kuma ban rasa komai ba a cikin abin da ya faɗa.

Kwana biyu bayan nan gwamnatin Sin ta fito da dokar da ta hana cibiyoyi masu neman riba koyar da darussan makaranta ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, na ji an rufe tamu kafin ƙarshen shekara. Amma a ranar ba mu san da wannan ba. Ina zaune a tsakar gida, Inna da 'yan matan gidan suna ƙarasa suyar nama a bayana, hayaƙi ya turnuƙe, Inna tana yi wa wata jikarta faɗa a kan matsamin. Yaron ya yi shiru yana saurare, ya matso da fuskarsa kusa da wayar. Ya tambaye ni wane harshe ne wannan.

Na ce Hausa ce. Na ce wannan mahaifiyata ce, nan kuma Zariya ce, a Najeriya. Na ce ban taɓa taka Chicago ba, ko Amurkar ma.

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, yana dariya, dariyar farko tun da ya kira.

“Laoshi, mun sani tun makon farko. Mama ta ce ɗan Amurka na gaske ba za mu iya biyansa ba.”

Inna ta leƙo ta kafaɗata, da matsami a hannu, ta ce wane ne wannan ɗan Sin ɗin, ya ci abinci kuwa? Na fassara masa. Ya gyara zama, ya buɗe baki zai amsa mata.